Idan Safayar Akori-kura Ba Sa'ar Sauran Tayoyi Ba Ce

Akori-kura da yawa da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da kasuwanninmu suna ɗauke da safayar da girmanta ya saɓa da na sauran tayoyi huɗu, kuma masu motocin ba su sani ba. Wani a gwanjo ya sayi motar, safayar da ya tarar a ƙarƙashin bodi ita ce har yau. Wani ya canza tayoyin ƙasa zuwa manya don ya ji daɗin hanyar burji, ya bar ta ƙarƙashi yadda kamfani ya sako ta. Wani kuma kwance masa ta asali aka yi da dare, ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ɗauki wadda kuɗinsa suka kai. Ba a farga sai ranar da ƙusa ta shiga, a sauko da safaya a jingina ta da 'yar'uwarta, a ga ɗaya ta ɗara ɗaya da yatsa biyu.

Ɗaurawa dai za a ɗaura, da babu gara ba daɗi, ba kuma wanda zai kwana a daji da buhunan masara saboda safaya ta gaza. Amma akwai mai ɗaura ta ya isa gida lafiya, akwai wanda faci ɗaya zai ja masa sauke gatarin baya. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya ɗaura ta, da giyar da ya taɓa, da gudun da ya yi.

Fara da sanin yawan bambancin, don ido yana ruɗi, musamman idan ɗaya mai manyan zane ce ɗaya kuwa ta suɗe. A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 265/65R17. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa zane, kashi 65 ne cikin 100 na wancan faɗi. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. Abin da ya dame ka a nan shi ne tsayin tayar gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama, kuma lissafinsa ba wuya. Kashi 65 na 265 ya kama 172. Ninka shi biyu, tunda akwai gefe a sama akwai a ƙasa, ka sami 344. Inci 17 kuwa milimita 432 ne. Haɗa su, tayar tana da tsayin milimita 776.

Wannan lissafi yana warware wani kuskure da ya yaɗu a tasha, inda ake duba lambar rim kaɗai a yanke hukunci. Taya 265/70R16 tsayinta milimita 777 ne, 265/60R18 kuma 775. Rim uku daban-daban, 16 da 17 da 18, amma a ƙasa tafiyarsu ɗaya ce. Sai ga 245/70R16, wadda rim ɗinta ɗaya da 265/70R16, ta gaza ta da milimita 28. Ita kuwa 205R16C, siririyar tayar nan da ake gani a kan Hilux na aiki, tsayinta wajen 735 ne, wato ta gaza 265/65R17 da fiye da santimita 4, sama da kashi 5 cikin 100. Ma'aunin da masu harkar taya suka saba bi shi ne kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100. Ƙasa da haka za ka lallaɓa ba tare da fargaba mai yawa ba. Sama da haka, duk abin da ke tafe a wannan rubutu ya hau kanka.

Idan rubutun ya goge ko kai ya ɗau zafi, igiya ta isa. Zagaya ta a tsakiyar zanen safaya ka ƙulla alama, sannan ka zagaya ta a kan tayar da ka cire ko wata lafiyayyiya da jak ya ɗaga. A tayoyi masu wannan girma, idan ratar ta wuce faɗin yatsu huɗu, ka haura kashi 3. Bayan an ɗaura ma ana iya gwadawa: sa alamar alli ko gawayi a gefen tayoyi biyu daidai inda suka taɓa ƙasa, ka gangara a miƙe har babbar ta juya sau goma, yaron mota yana ƙirgawa. Idan alamar ƙaramar ta wuce gaba da sulusin zagaye, kana kan iyaka. Idan ta kai rabi, bambancin ya kai kashi 5. Ka kuma tuna cewa tayoyi masu lamba iri ɗaya ma suna saɓawa: wadda zanenta ya ci milimita 7 ta rage tsayi da milimita 14, kusan kashi 2 ke nan tun ba a je ko'ina ba.

To, me ya sa santimita uku ko huɗu za su zama abin magana a mota mai nauyin tan biyu? Amsar tana cikin ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakiyar gatarin baya, wanda farfela ke shiga cikinsa, wato difirensha. Aikinsa shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan ana shan kwana. Yana yin haka ne da wasu ƙananan haƙora da ke tsakiyarsa. A miƙaƙƙiyar hanya waɗannan haƙora ba sa motsi a kan junansu, dunƙulen ne kawai ke juyawa. Sai an zo kwana su ɗan yi aiki na daƙiƙa kaɗan, su koma su huta. Da ka ɗaura ƙaramar taya a gefe ɗaya, ka sa su cikin kwanar da ba ta ƙarewa. Taya mai tsayin 776 tana juyawa kusan sau 410 a kilomita ɗaya, mai 735 kuwa sau 433. Ratar juyi 23 ke nan a kowace kilomita, 2,300 a tafiyar kilomita 100, kuma waɗannan ƙananan haƙora ne za su shanye ta duka, ga lodi a baya, ga zafin kwalta. Ba a ƙera su don aiki ba hutawa ba. A kan sandar ƙarfe suke juyawa, mai ne kaɗai tsakaninsu da ita.

Difirensha na gama-gari yana jure wannan na ɗan lokaci idan mansa yana da kyau kuma ba a yi gudu ba. Wanda ba ya jurewa shi ne irin da ake rubuta wa LSD, wanda ke cikin akori-kura da dama. Shi an sa masa faya-fayan kulaci a ciki don su hana taya ɗaya yin juyin banza a taɓo. Bambancin juyi shi ne ainihin abin da aka gina shi ya yaƙa, saboda haka faya-fayan za su yi ta gogar juna tun daga inda ka tashi har inda ka tsaya, man ya ƙone, su cinye. Sau da yawa akwai 'yar alama a jikin ƙullutun da ke nuna irinsa. Idan babu, ranar da motar ke gareji ka sa a ɗaga tayoyin baya duka biyu, giya a furi, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta gefe guda, mai kulaci ne. Idan ta juya baya, na gama-gari ne. Gara ka san wannan tun kana gari. Maɓallin kulle difirensha kuwa, ga motar da ke da shi, kada hannunka ya je kusa da shi muddin tayoyin baya ba sa'o'in juna ba ne.

Daga nan dabarar ta fito da kanta. Akori-kura da ƙafafun baya take tafiya, kuma a baya lodi yake. Baƙuwar taya gaba ya kamata ta zauna, inda kowace ƙafa ke juyawa ita kaɗai. Idan tayar gaba ce ta yi faci, ka huta, ɗaura safaya a wurin. Idan ta baya ce, aikin ya zama biyu, kuma a nan ne gajiya da rana ke sa direbobi su yanke. Kada ka yanke, ɗagawa ɗaya ce kawai ta ƙaru. Nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka kauce daga kan kwalta, ka kafa alamar gargaɗi da nisa a bayanka. Ja birkin hannu, sa giya, ka tokare tayoyin ɗaya gefen da duwatsu gaba da baya, domin birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, da ka ɗaga ɗaya rabin riƙon ya tafi. Idan ƙasar yashi ce, shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. Sassauta notocin tayar gaba ta gefen da aka yi facin tun tana ƙasa, ɗaga, cire ta, ɗaura safaya a gurbinta, sauke. Koma baya ka ɗaga, cire mai facin, ka ɗaura wadda ka ciro daga gaba. Duk tayar da ka cire, tura ta kwance ƙarƙashin shasi kafin ka ci gaba, ko da jak zai zame. Zama a gefe ɗaya yana da wata fa'idar: tayoyin da aka zana wa kibiya a gefe ba a juya musu alƙibla, kuma ta haka ba ka juya ba.

Akwai hanyoyin da tsayuwar minti arba'in a kansu, musamman da yamma, ta fi lalacewar kowane ƙarfe haɗari, kuma direbobinmu sun san su. A irin wannan wuri ɗaura safayar a bayan nan take, ka lallaɓa zuwa gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa, can ka yi musanyar cikin natsuwa. Kilomita goma ko goma sha biyar a hankali abu ne da difirensha zai iya ɗauka.

Kafin ka sauke jak, tabbatar rim ɗin ya zauna da gaske, musamman idan aron safayar ka yi daga wata mota. Hilux mai fo-wil, da L200, da D-Max, da Ranger duk ramukan noti shida gare su a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, shi ya sa ake ɗauka rim ɗinsu ɗaya ne. Amma ramin tsakiya ya bambanta: na Hilux milimita 106 ne, na Ranger 93, don haka rim ɗin Ranger ba zai shige kan cibiyar Hilux ba. Navara ƙirar D40 ita ma shida gare ta, amma a kan da'irar 114.3, ba ta haɗuwa da kowa a cikinsu. Rim ɗin da bai kwanta lif a jikin cibiya ba, kada a tilasta shi da ƙarfin sifana, hanyar tsinkewar kusoshi ke nan. Duba kuma cewa ƙaramin rim bai taɓa kan birkin gaba da ke rungume da faifai ba, don motar da ta zo da rim 17 wani lokaci ba ta karɓar 15 ko 16 a gaba. Juya tayar da hannu tana sama ka saurara. Idan safayar ce babba, karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka ga ko tana gogar bodi. Duk wanda ya faru cikin biyun, dole ta koma baya, sai ka rage lodi ka rage gudu fiye da yadda za a faɗa a ƙasa. Ɗaure notoci a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, da hannu tukuna, sannan da sifana bayan taya ta taɓa ƙasa.

Tsayi ba shi kaɗai ba ne. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 112S ko 110/108R, ita ce ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Lamba 112 kilo 1,120 ce, 110 kilo 1,060, 100 kilo 800, 91 kuwa, irin ta ƙananan motoci, kilo 615 kacal. Harafin C a ƙarshen girma, ko LT, alama ce ta tayar ɗaukar kaya. Ni a ganina wannan ya fi bambancin tsayi kashe mutane. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin akori-kurar da aka laƙa wa buhu goma sha biyu da fasinjoji a kai, cikin zafin watan Afrilu a hanyar Sakkwato ko Maiduguri, za ta yi zafi daga ciki har ta fashe, kuma ba ta sallama kafin ta yi. Idan safayarka irin wannan ce, ga wani dalilin kai ta gaba, kuma ga dalilin sauke wani ɓangare na kayan a bar yaro ya jira, ko a raba wa wata motar. Masu Land Cruiser na ɗaukar kaya, irin waɗanda suka cika hanyoyin Agadas da Chadi, su lura da wani abu: 7.50R16 da 7.50-16 ba gini ɗaya ba ne. Mai R ginin radiyal ce, mai ɗan layin kuwa tsohon gini ne na zare a gicciye. Lanƙwasarsu a kwana ta bambanta, ba a haɗa su a gatari ɗaya.

Sai iska. Ma'aunin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, na gaba daban na baya daban, na lodi daban. Tayar da ka mayar baya tana bukatar ƙarin iska idan akwai kaya, ka cika ta a wurin mai faci na farko da ka tarar. Akwai wata gurguwar dabara da ake bai wa direbobi, wai a sace iskar babbar tayar don ta sauko daidai da ƙaramar. Motar za ta daidaita a ido, amma zoben wayar da ke ƙarƙashin zane ba ya gajarta don an rage iska, juyin tayar a kilomita kusan yana nan yadda yake. Abin da ka samu kawai shi ne lafiyayyiyar taya da ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi.

Yanzu tuƙi. Mota za ta riƙa ja gefe ɗaya, yawanci wajen ƙaramar tayar, kuma jan yana ƙaruwa idan ka taka birki, don faɗin da ke taɓa ƙasa ba ɗaya ba ne dama da hagu. Riƙe sitiyari da hannu biyu. A wani wuri da ba kowa, gwada birki a hankali ka ji inda take fizga tun kafin akuya ta gwada maka. Kamfanonin da ke yin siririyar safayar wucin gadi suna rubuta kilomita 80 a awa a jikinta a matsayin iyaka, kuma wannan ita ce ƙololuwar da zan ba kowa. Shawarata 60 zuwa 70 a kwalta idan ba kaya, 50 idan da lodi ko baƙuwar tayar tana baya. Bar tazara mai yawa, manta da wuce tirela, shiga kwana da giya maimakon birki. Idan an yi ruwa, ƙara ragewa.

Giyar fo-wil ita ce babban tarko. A yawancin akori-kura, da ka sa 4H ko 4L, ƙaramin giyabos yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya tare, ba mai sassauci a tsakani. Da safaya mai gazawar kashi 5 a gaba, gatarin gaba zai so ya ci ƙasa kusan mita 97 a daidai lokacin da na baya ke cin 100. Kamar a haɗa bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya ne a ce su yi huɗa. A yashi ko taɓo tayoyi suna ɗan zamewa su sauke wannan taƙaddama, shi ya sa idan ka kafe za ka iya sa fo-wil ka fita. A kwalta ko busasshen burji ba inda ƙarfin zai tafi sai cikin ƙarafa: sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su riƙa kuka, sandar giyar ta ƙi fita, daga nan sai wani abu ya karye. Da ka fito daga yashin, mayar da ita 2H. Idan ta ƙi, ja da baya a miƙe 'yan mitoci, za ta saki. Tsofaffin Hilux masu murɗi a tsakiyar tayoyin gaba, a tabbatar yana kan FREE. Motocin da kullum ƙafa huɗu suke ja, ba su da 2H, su ba gatarin da za a ɓoye baƙuwar taya. Nasu magani shi ne tafiya mafi gajarta, a hankali, zuwa inda za a gyara ta asali.

A sababbin motoci fitilar ABS ko ta hana zamewa tana iya kamawa, saboda na'urar tana ƙirga juyin kowace taya, ta ga ɗaya ta fi sauran sauri. Birki na nan yana aiki, amma ka ɗauka taimakon na'urar ya tafi ko ya rikice har sai an mayar da taya daidai. Maleji ma yana iya yin ƙarya kaɗan.

Bayan kilomita ashirin na farko ka tsaya. Bi notoci da sifana, sannan ka sake bi idan ka kai hamsin. Ɗora tafin hannu a gefen kowace taya. Idan baƙuwar ta fi sauran zafi sosai, nemi inuwa ta huce, ka rage kaya, kada kuma ka sace mata iska tana da zafi, hauhawar da geji ya nuna ta zafi ce, za ta sauka da kanta. Difirensha ko lafiya lau yana ɗaukar zafi, don haka hanci da kunne sun fi hannu amfani a kansa. Ƙaurin ƙonannen mai, ko mai yana tsattsafowa, ko wata ƙara da kakkarwa daga baya idan kana kwana, duk suna cewa a tsaya.

Wurin mai faci, sa a cire tayar daga rim a duba cikinta. Hujin da ke kan zane, wanda bai wuce milimita 6 ba, yana gyaruwa da faci daga ciki. Tsaga a gefe ba ta gyaruwa, ko da an ɗinke an liƙa an sa tub, kuma wanda ya ce maka za ta yi ba shi zai zauna a kanta ba. Idan ka ga baƙin gari a ciki, ko layi ya zagaye gefen, alama ce an yi tafiya a kanta ba iska, ginin ya mutu. In saye ya kama, nemi girma ɗaya da irin zane ɗaya da abokiyar gatarinta. Idan waccan ta suɗe sosai, sayi biyu ka sa su a baya. Idan girman bai samu ba a garin, biyu masu girma ɗaya a gatari ɗaya sun fi ɗaya tilo, muddin ba za a taɓa fo-wil a ƙasa mai tauri ba. Duba shekarun taya kafin ka biya: lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunnen direbobin Najeriya cewa wa'adin taya shekara huɗu ne, kamfanin Michelin kuma yana cewa duk wadda ta kai shekara goma a sauke ta ko da zanenta sabo ne, har da safaya.

Idan baƙuwar tayar ta yi doguwar tafiya a baya, musamman a mota mai LSD, sa a sauke man difirensha a duba. Baƙi ƙirin mai ƙauri, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, a canza shi da irin man da littafin motar ya faɗa. Safayar kuma kada ta koma ƙarƙashin bodi yadda ta fito. Lokacin da za ka canza tayoyi, ware mafi lafiya cikin tsofaffin ta zama safaya, a kan rim ɗin da ka riga ka gwada a gaba da baya. Sau ɗaya a wata a sauko da ita a auna iskarta, a wanke taɓon da ya daskare a kan sarƙar da ke riƙe da ita, a shafa mata giris.